Makarantun yarjejeniya: tsarin zai iya kai ilimi ƙauyukan Katsina da Daura?

A ƙasar Katsina da ƙasar Daura har yau akwai ƙauyuka da rugage inda yaro ɗan shekara shida sai ya sha doguwar tafiya a ƙasa kafin ya isa firamare mafi kusa da shi. Da rani yana iya jurewa. Da damina kuwa, in rafi ya kawo, sai dai a jira ruwa ya janye. Ƙaramar sakandare sau da yawa sai an dangana da garin hakimi ko hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma a nan ne karatun 'yan mata da yawa ke tsayawa, don ba kowane uba ne zai yarda 'yarsa budurwa ta riƙa ratsa daji safe da rana ba. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, hukumar UNESCO kuma a 2022 ta kai adadin kusan miliyan 20 da ta haɗa da 'yan shekarun sakandare. Ko wanne aka ɗauka, kaso mafi tsoka a Arewa yake, a Arewar ma a karkara.

Shi ya sa ake ta kawo wata shawara: gwamnati ta daina dagewa sai ita ce za ta gudanar da kowace makaranta da hannunta, ta ba wasu kuɗi su gudanar a madadinta, ita kuma ta tsaya kan sa ido. Masu wannan ra'ayi sukan yi nuni da Amurka, inda ake da makarantun da suke kira cata, wato makarantun yarjejeniya. Shawarar ta cancanci a zauna a kanta da natsuwa, domin akwai abin ɗauka a cikinta, akwai kuma abin da in aka kwaso shi yadda yake zai cutar da yaran da ake son taimaka wa.

Makarantar yarjejeniya ba makarantar kuɗi ba ce. Iyaye ba sa biyan sisi. Gwamnati ce ke biya, gwargwadon yawan yaran da ke ciki. Amma ba ma'aikatar ilimi ke tafiyar da ita ba. Wata ƙungiya ce, ko tarin malamai, ko iyaye, wani lokaci kamfani, ke sa hannu a takardar yarjejeniya ta wasu shekaru, galibi biyar. Takardar ta ba su 'yancin ɗaukar malamansu, da tsara lokutan karatu, da kashe kuɗin yadda suka ga ya dace. Su kuma sun ɗauki alkawarin karɓar kowane yaro ba tare da jarrabawar shiga ba, in masu nema suka fi gurbi yawa a yi ƙuri'a, kuma yaran su kai wani mataki na karatu da aka rubuta. In wa'adi ya cika ba su cika alkawari ba, a karɓe makarantar. Abin ya yi kama da ba da kiwo: saniyar taka ce, makiyayi ne ke tafiya da ita inda ya san akwai ciyawa, amma in ka je dubawa ka tarar ta rame, kana da ikon karɓe abarka ka ba wani.

Wani malamin jami'a a jihar Masacuset, Ray Budde, shi ya fara kawo tunanin tun shekarun 1970. A 1988 shugaban wata babbar ƙungiyar malaman Amurka, Albert Shanker, ya tallata shi, da nufin a bar malamai su gwada sababbin hanyoyin koyarwa ba tare da ofis ya ɗaure musu hannu ba. Jihar Minesota ce ta fara yin doka a 1991, makaranta ta farko kuma ta buɗe a birnin Sent Fol a 1992. Yau sama da jihohi 40 na da irin wannan doka, yara sama da miliyan 3 da rabi ke karatu a cikinsu. Birnin Niyu Olins, bayan ambaliyar guguwar Katrina ta 2005, ya mayar da kusan duk makarantunsa wannan tsari. Ingila ma tana da nata salon tun farkon shekarun 2000.

To, sun yi aiki? Wata cibiyar bincike a Jami'ar Stanford mai suna CREDO ta fi kowa bin diddigin lamarin. A rahotonta na 2009, a fannin lissafi, kashi 17 cikin 100 ne kawai na makarantun yarjejeniya suka fi na gwamnati da ke maƙwabtaka da su, kashi 37 kuma sun gaza su. Zuwa rahoton 2023 al'amari ya juya, 'yan makarantun yarjejeniya sun ɗan wuce takwarorinsu a karatu da lissafi. Daga cikin abin da ya kawo gyaran har da rufe makarantun da suka kasa. Sai dai akwai abin da ya kamata mu nan mu lura da shi sosai: ribar ta taru ne a manyan birane, a tsakanin 'ya'yan talakawa. A karkarar Amurka ba a ga wani fifiko na a zo a gani ba, a lissafi ma an ɗan samu ja da baya.

Dalilin a fili yake. Tsarin an gina shi ne a kan zaɓi. A birni uwa na iya cire ɗanta daga wannan makaranta ta kai shi waccan, kuɗin gwamnati ya bi shi, makarantar da ake gudu ta gyara ko ta mutu. A ƙauyen da ke bayan Baure ko Zango wane zaɓi ake da shi? Makaranta ɗaya ce, in ma akwai. Ka buɗe ta biyu kusa da ita, ka raba yara ka raba kuɗi, duka biyun su raunana. Ka rufe ta don ta kasa, yara su koma gona da talla. Don haka duk mai cewa gasa ce za ta gyara ilimin karkara, bai san karkararmu ba.

Misalan da suka fi kama da halinmu ba a Amurka suke ba. A 2016 ƙasar Laberiya ta ɗauki makarantun firamare 93 na gwamnati ta miƙa wa ƙungiyoyi da kamfanoni takwas, ta ci gaba da biyan albashin malamai, aka kuma ƙara wa masu gudanarwar dala 50 kan kowane yaro a shekara. Masu bincike sun bi shirin tun farawa. A shekarar farko malamai sun fi zuwa aiki, yara sun fi koyo. Bayan shekara uku ribar ba ta ƙaru ba, ta tsaya a ɗan abin da bai kai yadda aka yi ta yayatawa ba. Wasu masu gudanarwar sun kashe ɗaruruwan daloli kan kowane yaro daga kuɗin masu ba da agaji, abin da gwamnati ba za ta taɓa iya ɗauka ba. Mafi muni, ɗaya daga cikin kamfanonin ya rage cunkoson aji ta hanyar sallamar yaran da suka yi yawa, ya kuma sa aka ɗauke malaman da bai so aka tura su wasu makarantu. Makarantarsa ta yi kyau a takarda, matsalar kuma ta koma kan maƙwabta.

Lardin Sindh na Pakistan ya bi wata hanyar daban. Daga 2009 wata gidauniyar ilimi ta gwamnatin lardin ta ce wa mutanen karkara: duk ƙauyen da babu firamare a tazarar kilomita ɗaya da rabi, wani ɗan yankin ya nemo ɗaki da malamai, har da mata, ya buɗe makaranta kyauta, za a riƙa biyansa kan kowane yaro. Ba a taɓa makarantun da ke akwai ba, inda babu aka je. Binciken da aka yi ya nuna a cikin kowane yara 100 na waɗannan ƙauyuka an samu ƙarin kimanin 30 da suka shiga makaranta, kuma sun koyi karatu sosai. A lardin Ghor na Afganistan ma an gwada buɗe ƙananan azuzuwa a cikin ƙauye, a ɗakin da mutanen gari suka bayar. A cikin 'yan mata 100 an samu ƙarin 52 da suka shiga, a cikin maza 35. Binciken ya gano kowane mil guda da aka ƙara tsakanin gida da makaranta yana zubar da 'yan mata kusan 19 cikin 100. Musulmi ne manoma kamar mutanenmu, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon masu ƙin karatun 'ya mace. Da aka kawo makarantar ƙofar gida sai ga 'yan matan sun cika ta.

Wannan ne darasin da nake ganin ya shafe mu. Amfanin tsarin a karkara ba ya cikin karɓe makarantun gwamnati a ba kamfani. Yana cikin isa inda gwamnati ba ta isa ba, da ƙaramar makaranta, a hannun mutanen wurin.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ka shiga kusan kowane ƙauye bayan la'asar. Firamaren gwamnati tana can bakin gari, iska ta yaye kwanon aji biyu, rajista ta nuna yara sama da ɗari a aji amma da safe ba ka ga rabinsu ba, malamin da aka turo daga gari yana lissafin kuɗin man babur ya ga ba zai iya zuwa kullum ba. Amma a tsakiyar gari, a zauren wani malami ko a rumfar masallaci, Islamiyya ta cika maƙil. 'Yan mata sun jeru a tabarma da hijabansu iri ɗaya, kowace da jakar littattafanta, ana biya hadda. Malamin ɗan garin ne, in bai zo ba kafin magariba an je gidansa an tambayi ko lafiya. Iyaye na haɗa ɗan kuɗin Laraba ko na wata, wani ya kawo dauro bayan girbi. Babu sufeto, babu albashi daga hukuma, amma ba a fashi. Mutanen da suka iya riƙe wannan shekara da shekaru da aljihunsu, ba za a ce ba za su iya riƙe aji uku na karatun boko ba in aka sa musu kuɗi da tsari.

A sama da haka ma akwai shaida. Makarantun sakandare na jeka-ka-dawo da al'umma suka gina da kansu a garuruwa da dama na jihar Katsina, sannan gwamnati ta tallafa da malamai, rabin wannan tsari ne. Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, Gidauniyar Musulunci ta Katsina ce ta tsaya mata, ba gwamnati ba. A kudu, jihar Anambara ta mayar wa coci-coci makarantun firamare 1,040 a 2011 ta kuma ci gaba da biyan malamansu. Abin da babu shi a duk waɗannan shi ne rubutacciyar yarjejeniya mai cewa ga kuɗin da za a ba ku kan kowane yaro, ga ranar da zai shigo, ga abin da yaro zai iya a ƙarshen aji uku, ga abin da zai biyo baya in bai iya ba.

Ta ina kuɗin zai fito? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wadda ke ba jihohi tallafi in sun ajiye nasu kason. Amma yawancin wannan kuɗi gini da kujeru yake tafiya. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Babu wata ƙofa a wannan tsari da aka tanada don kuɗi ya bi yaro zuwa makarantar da ba ta hukuma ba. Sai an buɗe ta da gangan. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya ƙara sa tambayar ta yi nauyi: wa zai sa hannu a yarjejeniyar, jiha ko ƙaramar hukuma, kuma wa za a kama in kuɗi bai zo ba?

Nan ne tsorona ya fi yawa. Duk inda aka ce za a biya kan kowane yaro, an buɗe ƙofar ƙirƙirar yaran da babu su. Ba mu kaɗai ba ne. A jihar Ohayo ta Amurka wata katafariyar makarantar yarjejeniya da ke koyarwa ta intanet ta rufe a Janairun 2018, bayan an gano ta karɓi miliyoyin daloli kan ɗaliban da ba ta iya nuna suna karatu ba. In hakan ta faru inda ake da ƙwararrun masu binciken kuɗi, sai mu shirya mata tun kafin a fara. Dole ƙidayar yara ta zama ta ba-zata, wanda zai ƙirga ya zama ba shi da alaƙa da mai makarantar ko da wanda ya ba shi, a biya kan yaran da aka tarar zaune ba kan sunayen rajista ba. Sannan a liƙa takardar kuɗin da aka turo a ƙofar mai gari da ƙofar masallacin Juma'a, da Hausa, da boko da ajami, kowa ya gani. Kwamitocin kula da makarantu na SBMC, waɗanda ke da iyaye mata da mai unguwa da liman a ciki, su ne ya kamata su sa hannu kafin a saki kuɗin zango na gaba.

Tsoro na biyu shi ne siyasa. In rabon makarantu ya zama kamar rabon kwangilar taki, kowane ɗan siyasa ya kafa ƙungiya da sunan ƙaninsa, to gara ma kada a fara. Tsarin yarjejeniya ba ya rage wa gwamnati aiki. Canza mata aiki yake yi, daga mai koyarwa zuwa mai awo da hukunci, kuma wannan aikin ya fi wancan buƙatar gaskiya. Hukumar da ta kasa sanin ko malaminta ya je aji ranar Litinin, sai ta gyara wannan kafin ta iya sanin ko malamin wani ya je.

Sai maganar malamai, wadda ba a so a faɗa a fili. Arahar makarantun Pakistan daga ƙarancin albashi ta fito. Ƙungiyar malamai ta NUT za ta yi adawa da duk tsarin da zai kawo malamai masu arha marasa fansho, kuma tana da gaskiya a wannan. Ilimin da aka gina kan yunwar malami ba ya daɗewa. A ƙasar nan mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, mafi ƙarancin albashi kuma tun 2024 naira 70,000 ne. Bai kamata yarjejeniya ta zama hanyar zagaye waɗannan ba. Inda ya kamata ta yi amfani shi ne wajen wa ake ɗauka da kuma wa ke iya sallama. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, da Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke Daura suna yaye matasa duk shekara, da yawansu 'yan ƙauye ne da suka koma gida ba aiki. Gwamnatin jihar ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023 ta hanyar jarrabawa, abin a yaba ne, amma tura malami ƙauye daban, zamansa a ƙauyen daban. Kowa ya san yadda ake bin ƙafa a nemi canjin wurin aiki a dawo gari. Malamar da aka haifa a garin, take aure a garin, ba za ta nemi canji ba. Shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar a Katsina da wasu jihohin Arewa ya ɗauki nauyin 'yan matan karkara su yi NCE da sharaɗin su koma garuruwansu su koyar. Irin waɗannan ne ya kamata su zama ƙashin bayan makarantun yarjejeniya.

Akwai kuma abin da babu wata yarjejeniya da za ta magance. Tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye a Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa suke kallon makarantar kwana da tsoro. Ƙauyen da aka tashe shi ba ya buƙatar sabon tsarin gudanarwa, tsaro yake buƙata. Sai dai ko a nan, ƙaramar makaranta a tsakiyar gari, wadda yara ke kwana gaban iyayensu, ta fi babbar makarantar da ke wajen gari sauƙin karewa. In kuma mutane suka yi gudun hijira, kuɗin da ke bin yaro zai iya binsa garin da ya sauka, abin da ginin siminti ba zai iya ba.

'Yancin tsara lokaci ma ba ƙaramin abu ba ne a karkara. Makarantar da ke hannun mutanen gari za ta iya fara karatu bayan an tashi makarantar allo ta safe, ta sassauta ranar kasuwa, ta daidaita hutunta da lokacin shuka da girbi, muddin sa'o'in karatu na shekara sun cika. Ofishin da ke Katsina ba zai iya yi wa kowane ƙauye wannan lissafin ba.

Da ni za a tambaya, sai in ce a fara da kaɗan. A zaɓi wasu mazaɓu a ƙananan hukumomin da ke da kwanciyar hankali, kamar Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, a auna ƙauyukan da ba su da firamare kusa. A gwada karatun yaran da Hausa kafin a fara, don a san daga ina aka tashi. A ba ƙungiyoyin gari da Islamiyyun da suka daɗe suna aiki dama, ba ƙungiyar da aka yi wa rajista jiya ba. A hana karɓar ko kwabo daga iyaye, a hana korar yaro don ya cika aji ko don ba ya ganewa. In makaranta ta kasa, a canza masu riƙe da ita, kada a rufe ta.

Sannan ya kamata majalisar dokokin jiha ta yi wa tsarin doka da asusu na kansa. Mun ga yadda makarantun tsangaya na zamani sama da 150 da gwamnatin tarayya ta fara buɗewa a 2012 da yawansu suka lalace bayan an canza gwamnati, don ba a tanadi wanda zai ci gaba da ciyar da su ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana buƙatar shekara shida kafin ya gama firamare, wa'adin gwamna kuwa huɗu ne. Don haka yarjejeniyar ta ɗaure gwamnati kamar yadda ta ɗaure mai makaranta: a rubuta ranar da kuɗin kowane zango zai shiga, a ajiye na shekara guda a asusun kafin a buɗe aji na farko, a kuma fayyace inda mutanen gari za su kai ƙara in ranar ta wuce ba a biya ba.